Gargaɗi Ga Mutanen Wurno, Rabah Da Goronyo: Kada A Kwana Ɗaki Ɗaya Da Buhun Da Aka Sa Wa Ƙwaya

Duk wanda ya san akwai buhun wake ko na dawa ko na masara da aka jefa wa ƙwayar maganin ƙwari a cikin ɗakin da mutane ke kwana, ya fitar da mutanen yau, kafin magariba, ya buɗe ƙofa da tagogi. Sauran bayanin da zan yi yana iya jira, wannan kam ba ya jira.

Abin da ya sa nake magana da gaggawa shi ne, abubuwa uku sun haɗu a lokaci guda. Kaka ta wuce, amfanin gona ya shigo gida. Ɗari ya fara sauka, kowa na toshe kafar da iska ke shigowa, ana rufe taga da tsumma, ana shigar da kaskon gawayi ɗaki. Na ukun kuwa shi ne wanda bai kasance haka a da ba: hatsi ya baro rumbu ya dawo ɗakin kwana. A ƙauyukan Rabah da Goronyo da gabashin Wurno, manomin da ya ga yadda 'yan bindiga ke fasa rumbuna ko su cinna musu wuta ba zai yarda ya bar abincin shekara a bayan gida ba. Sai ya sussuke, ya zuba a buhu, ya jibge a ƙuryar ɗaki. Wanda ya yi gudun hijira zuwa cikin gari kuwa ɗaki ɗaya ya samu, nan ne sitonsa, nan ne makwancin matarsa da 'ya'yansa. Ban ga laifin kowa a nan ba, tsoro ne da dalili. Amma ƙwaro ba ya barin wake don an kai shi ɗaki, sai mai gida ya je kasuwa ya sayo ƙwaya, mai sayarwa ya ce masa, “Jefa biyu a buhu, ka ɗaure baki, ƙwaro ba zai sake taɓa shi ba.” Gaskiya ya faɗa, ƙwaro ba zai taɓa ba. Abin da bai faɗa ba shi ne yadda ƙwayar ke kashe ƙwaron, kuma ta wannan hanyar ce take kashe yaro.

Ƙwayar nan, wadda aka fi sani da sunan Phostoxin ko da yake tana zuwa da sunaye daban-daban, launinta toka-toka ne, nauyinta giram 3. Ba ta aiki sai ta ji danshi. Da ta haɗu da laimar da ke cikin iska sai ta fara narkewa tana fitar da wata iska mai guba da ake kira fosfin, giram 1 daga kowace ƙwaya. Mu yi lissafi da ɗaki irin namu, mita 3 tsawo, mita 3 faɗi, mita 3 sama. Idan iskar ƙwaya ɗaya tak ta taru a ɗakin nan ba ta samu mafita ba, za ta ninka kusan sau 90 a kan iyakar da hukumar kare lafiyar ma'aikata ta Amurka ta yarda babban mutum ya shaƙa a wurin aiki. Ƙwaya biyu sun isa su kai ɗakin matakin da ake lissafa shi barazana ga rai nan take. To, ina ga ɗakin da ke da buhu goma, kowanne da ƙwaya biyu? Kuma buhun da muke ɗaure wa baki saƙaƙƙe ne, iska na ratsa shi kamar rariya. Fosfin na ratsa tsagar bango, yana bi ta saman silin ya sauka ɗakin maƙwabci. Ya ɗan fi iskar da muke shaƙa nauyi, saboda haka wanda ke kwance a tabarma kusa da buhu ya fi kowa kwasa, kuma mun san su waye ke kwana a nan.

Akwai wani abu da ya shafe mu fiye da sauran mutane. Alamar da littattafai ke bayarwa ta gane wannan iska ita ce warin tafarnuwa ko na ruɓaɓɓen kifi. Ƙasar da take noma tafarnuwa da albasa a fadamun Rima, inda ake shanya su a tsakar gida ana jibge su a zaure, wa zai farka cikin dare don ya ji warin tafarnuwa? Hancinmu ya saba. Alamar da za ta tayar da baƙo ba za ta tayar da mutumin Wurno ba. Ban da haka ma, warin ba abin dogaro ba ne, domin iskar na iya kaiwa matakin cutarwa hanci bai ji komai ba.

Ina so mai karatu ya fahimci abin da ke faruwa a cikin jiki, domin wanda ya gane dalili ba ya buƙatar a riƙa tuna masa doka.

Muna cewa tuwo ke ba da ƙarfi, haka ne, amma tuwo a ciki bai zama ƙarfi ba tukuna. Hanji na narkar da shi ya zama wani sukari da ake kira gulukos, jini ya ɗauka ya kai wa ƙwayoyin halittar jiki, waɗancan ƙananan ɗakuna da ido ba ya gani waɗanda da su aka gina tsoka da zuciya da ƙwaƙwalwa. Gulukos kamar takardar naira dubu ce a hannun mai sayen gishirin naira ashirin: kuɗi ne, amma sai an yi canji. Canjin da ƙwayar halitta ke kashewa sunansa ATP. Da shi zuciya ke bugawa, da shi hannu ke ɗaga fartanya, da shi ƙwaƙwalwa ke riƙe karatu. Jiki ba ya ajiye shi da yawa, abin da ke akwai ba zai kai mutum ko'ina ba, sai dai a yi ta sabuntawa dare da rana. Babban mutum kan sarrafa ATP da ya kai kusan nauyin jikinsa a kowace rana, yana kashewa yana sake ƙerawa.

Aikin canjin nan hawa-hawa ne. Da farko ana raba gulukos gida biyu a cikin ruwan ƙwayar halitta, wannan ba ya buƙatar iska, amma ribarsa ATP 2 ce kacal. Daga nan gutsattsarin kan shiga wasu 'yan ƙananan murahu da ke cikin ƙwayar, ana kiransu maitokondiriya. A can ake ƙarasa farfasa su a wani zagaye da Hans Krebs ya bayyana a 1937 yana aiki a Ingila, a zare musu ƙarfinsu, a fitar da iskar kabon dayoksaid da muke hurarwa waje. Ƙarfin da aka zaro yana tafiya ne a kan wasu ƙananan abubuwa da ake kira ilektiron, kuma nan ne wurin da ya kamata a tsaya a duba da kyau.

Wanda ya taɓa ganin lodin albasa ya san yadda 'yan dako ke yin layi, wannan ya miƙa wa wannan, har buhu ya isa hannun na ƙarshe da ke kan mota. Haka ilektiron ke wucewa daga hannu zuwa hannu a jikin tantanin cikin maitokondiriya. Duk miƙawa ɗaya, ana amfani da ƙarfinta a tura wasu ƙwayoyin haidirojin zuwa ɗaya gefen tantanin, su taru a can kamar yadda ruwan Rima ke taruwa a bayan madatsar Goronyo. Sai a bar musu ƙofa ɗaya su dawo ta ciki, ƙofar kuwa tana da abin da ke juyawa kamar dutsen injin niƙa, juyawarsa ce ke ƙera ATP. Wani Bature mai suna Peter Mitchell ne ya kawo wannan bayani a 1961, masana suka daɗe suna musu da shi kafin a ba shi kyautar Nobel a 1978. Ta wannan hanya gulukos ɗaya kan ba da ATP kusan 30, maimakon 2. To, na ƙarshen layin nan, wanda ke karɓar kaya ya sauke, shi ne ke miƙa ilektiron ga iskar oksijin, ta haɗu da haidirojin ta zama ruwa. Wannan shi ne duk dalilin da ya sa muke numfashi. Huhu da jini da zuciya duk masu kai saƙo ne, inda ake cin iskar a zahiri shi ne can cikin ƙwayar halitta.

Fosfin hannun wannan na ƙarshe yake ɗaurewa. Da ya tsaya sai na bayansa ya tsaya da kaya a hannu, na bayan wancan ma haka, har layi ya daskare. Madatsa ta daina cika, injin ya daina juyawa. Ilektiron da suka rasa mai karɓa kuma sai su zube ta gefe su haifar da wasu sinadarai masu ƙona tantanin ƙwayar halittar kanta. Mutum na ja da numfashi, huhunsa cike da iska, cikinsa cike da tuwon dare, amma ƙwayoyin jikinsa na mutuwa da yunwa da shaƙewa. Jiki kan koma wa hanyar farko mai ATP 2, ita kuma tana tara tsami a cikin jini, irin wanda ke sa tsokar mai gudu ta yi zogi, sai dai wannan ba ya tsayawa. Gaɓoɓin da suka fi cin ATP su ke fara faɗuwa: zuciya wadda ba ta hutawa, da ƙwaƙwalwa wadda nauyinta bai wuce kashi 2 cikin 100 na jiki ba amma tana cin kusan kashi 20 na oksijin. Yaro ya fi babba saurin numfashi idan aka kwatanta da girman jikinsa, shi ya sa yakan riga iyayensa.

Har yau babu makarin wannan guba. Babu allurar da za a yi ta kwance hannun da aka ɗaure. Abin da likita ke yi shi ne ya tallafi zuciya da numfashi da jini har jiki ya fitar da gubar da kansa, idan an zo da wuri kuma abin bai yi yawa ba. Ba talaucin asibitocinmu ba ne ya jawo haka. A watan Janairun 2017, a garin Amarilo na jihar Tekzas a Amurka, yara huɗu 'yan gida ɗaya suka mutu bayan an zuba irin wannan magani a ƙarƙashin gidansu, wani ya zo ya watsa masa ruwa da niyyar wankewa. A watan Disambar 2021, a Landan, wata yarinya mai shekara 11 ta mutu saboda maƙwabciyarsu ta sa shi a gidanta don kashe kuɗin cizo, iskar ta bi ta cikin gini ta isa inda yarinyar take. Ƙasashe ne masu motar ɗaukar marasa lafiya da ɗakunan kulawa ta musamman, amma ba su iya ceto su ba. A Indiya da Iran wannan ƙwaya tana cikin gubar da likitoci suka fi jin tsoro.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne, idan abin ya faru a gidajenmu ba za mu gane shi ba. Alamominsa amai ne, ciwon ciki, wani lokaci gudawa, ciwon kai, jiri, ƙishirwa, nauyin ƙirji, kasala. Za a ce kwalara ce, ko maleriya, ko abincin jiya, wani ya ce iska ce ta shafi gidan. Sai a kwantar da yaron a ɗakin da ya kamu, a rufe ƙofa don kada sanyi ya shige shi, uwa ta zauna a kansa ita ma tana shaƙa. Ku riƙe wannan alama: idan mutanen ɗaki ɗaya suka tashi da ciwo iri ɗaya a dare ɗaya, na sauran ɗakuna lafiya lau duk da tukunya ɗaya aka ci, idan wanda ya fita waje ya ji sauƙi ya dawo ciki ya sake jin jiri, idan an tarar da kaza ko kyanwa ko ɓeraye a mace a ɗakin, to a duba ɗakin kafin a duba tukunya. A fitar da kowa sarari nan take, a tafi asibiti mafi kusa, a tafi da gwangwanin maganin ko takardarsa a nuna wa likita, a gaya masa gaskiya. Wanda ya ji sauƙi ma a kai shi, domin zuciya kan iya faɗuwa ko ruwa ya taru a huhu bayan awoyi. Idan yaro ne ya haɗiyi ƙwayar, kada a tsaya ɗura masa ruwa ko madara ko jiƙo, ruwa ne ke tayar da ita. Idan asibitin ƙaramar hukuma ya ce a wuce Sakkwato, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko Asibitin Ƙwararru, a wuce, kada a koma gida shawara.

Kaskon gawayi da janareta ma ta ƙofa ɗaya suke shiga da fosfin. Wutar da ke ci a rufaffen wuri tana fitar da kabon monoksaid, iskar da ba ta da wari ba ta da launi. Tana kama jan sinadarin jini da ke ɗaukar oksijin da ƙarfin da ya ninka na oksijin sau 200 da ɗoriya, ta hana shi ɗaukar kayansa, sannan ta wuce ta taɓa wancan na ƙarshen layi. Da wannan iskar ce ma Otto Warburg na Jamus ya yi gwajin da ya kai shi ga gano sinadarin numfashi, wato na ƙarshen layin nan, aka ba shi Nobel a 1931. Mai barci ba ya jin komai, barcin ne ke ƙara nauyi. Garwashin da ya daina hayaƙi ya yi ja zur, wanda muke ganin shi ne lafiyayye, yana nan yana fitar da ita. Iyayenmu mata, ku da ke kula da maijego da jariri, na san don ƙauna kuke shigar da kasko, amma a ɗumama ɗakin a fitar da wutar kafin a kwanta, a ƙara bargo. Janareta kuwa wurinsa waje, nesa da taga da kamar mita 6, ba zaure ba, ba shago a rufe ba, ko da tsoron ɓarawo. Manoman rani na Wurno da na gefen madatsar Goronyo, injin ban-ruwa da aka sauke cikin rami ko rijiya yana cika ramin da wannan iska. Wanda ya ga ɗan uwansa ya faɗi a ciki kada ya yi tsalle ya bi shi, ya kashe injin, ya kira mutane da igiya.

Rogo mai ɗaci ma haka. Sinadarin sayanaid da ke fita daga cikinsa idan ba a fere shi an jiƙa kwanaki an shanya ba, shi ma hannun nan yake ɗaurewa. A watan Agustan 2024 an ruwaito mutuwar mutum bakwai 'yan gida ɗaya a Runjin Barmo ta ƙaramar hukumar Shagari bayan sun ci abincin rogo. Shekarar tsada ce ke tura mutane ga rogon da ba su saba sarrafawa ba.

Na san tambayar da manomi zai yi: to in bar wakena ƙwaro ya cinye? A'a. Ilimin nan da na bayyana shi ne kuma mafita, domin ƙwaro ma da oksijin yake rayuwa, maitokondiriyarsa irin tamu ce. Hana shi iska, ya mutu ba tare da guba ba. Wannan ne sirrin buhun PICS mai ruɓi uku, leda biyu masu kauri a ciki da buhu saƙaƙƙe a waje, wanda masanan Jami'ar Purdue ta Amurka suka samar tare da abokan aikinsu a arewacin Kamaru, aka fara yaɗa shi a Afirka ta Yamma a 2007, kuma ana ƙera shi a Kano. A busar da wake sosai, a zuba, a matse iska, a ɗaure kowane ruɓi daban. Ƙwarin da ke ciki su shanye 'yar iskar da ta rage, su daina ci, su daina haihuwa, su mutu. Jarka mai murfi mai kyau ko duro na ƙarfe da aka cika maƙil aka toshe bakinsa suna yin aiki iri ɗaya. Sharaɗin kawai kada leda ta huje, kada a riƙa buɗewa. Irin wannan buhu mutum na iya kwana kusa da shi, kuma yana yin shekara fiye da ɗaya idan an kiyaye shi daga ɓera. Ya fi ƙwaya tsada a ranar saye, wannan gaskiya ne, amma ban san mai gidan da zai sa kuɗin buhu da ran ɗansa a ma'auni ɗaya ba.

Wanda kuma sito babba gare shi, dole sai ya yi amfani da ƙwaya, to aikin na wanda aka horar ne. Sito ya zama ginin da ba ya haɗa bango ko rufi da ɗakin mutane ko garken dabbobi. A rufe shi da kwado mako guda, a buɗe a bar iska ta ratsa shi sosai kafin kowa ya shiga aiki. Kada ƙwayar ta taɓa hatsi, a sa ta a takarda. Tokar da ta rage ba a gama da ita ba, kada a watsa mata ruwa, kada a zubar a bola inda yara da kaji ke tono, a binne ta nesa da gida da rijiya. Masu sayarwa, ku ji tsoron Allah ku daina ɓalle gwangwani kuna ƙulla ƙwaya ɗai-ɗai a leda kuna miƙa wa yaron da aka aiko. Kafin ku karɓi kuɗi ku tambayi mai saye inda buhun zai kwana.

Ina roƙon uwayen ƙasa da hakimai da masu unguwanni na Wurno da Rabah da Goronyo su sa a yi shela a ranakun kasuwa. Ina roƙon limamai su ware minti biyu bayan huɗubar Juma'a. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837 kuma kabarinsa ke Wurno, ya rubuta littattafai a kan magani da kiwon lafiya, saboda haka maganar tsare rai ba baƙuwa ba ce a kan mumbarin wannan ƙasa. Malaman gona da ma'aikatan lafiya su fara da gidajen da 'yan gudun hijira suka cunkushe, domin can ne buhu da tabarma suka fi kusa. Malaman kimiyya na sakandare, darasin numfashin ƙwayar halitta da kuke rubutawa a allo shi ne wannan, ku ce wa ɗalibai su kai shi gida.

Kai kuma da ka karanta, ka shiga ɗakunan gidanka yanzu, ka tambayi wanne buhu aka sa wa ƙwaya da kuma ranar da aka sa. Ka leƙa wurin maƙwabcin da kuka haɗa bango ka yi masa tambayar nan. Idan akwai, yara su kwana wani ɗakin daren yau.